Kamfani zai maye mana filin tanis: kwalta ko kankare?

Mai Raket: Assalamu alaikum. A lambun shaƙatawa na unguwarmu a Kaduna akwai filayen tanis biyu na jar ƙasa. An yanke gefen da suke an ba wani kamfani zai gina shaguna, bisa sharaɗin ya gina wasu a ragowar wurin. Abin da ya rage mita 38 ne gabas zuwa yamma, mita 30 kudu zuwa arewa. Kamfanin ya ce mu zaɓa: biyu na kwalta ko ɗaya na kankare mai fenti. Kwamitin unguwa zai zauna ranar Asabar. Wanne za mu karɓa?

Baba Magini: Wa alaikumus salam. Kankare, yarona. A kwashe baƙar ƙasar sama, a zuba tsakuwa kaurin santimita 15 a daddaɓe da rola, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan rodi da kankare santimita 10. Ledar nan ita ke hana damshi tasowa ya ɗaye fenti. Buhun siminti wajen 420 zai ci. Kada a taɓa fenti sai ya kwana 28.

Koci: Me ya hana ku nemi jar ƙasarku? Ta fi sauƙi a gwiwar dattawa. Illarta dai kullum sai ban ruwa da rola, da rani kuwa rijiya ta ƙafe.

Hajiya Mai Lambu: Ku bar zancen siminti tukuna. A wata unguwa haka aka yi: alkawarin baki, ba takarda. Shaguna suka tashi cikin wata shida, fili kuwa sai da aka shekara biyu, shi ma kwalta aka yaɓa kan ɓaraguzan gini, ba tsakuwa ba magudana. Indararon shagunan duk a kansa yake zuba. Damina ɗaya ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagar, saiwar darbejiya ta ɗaga kusurwa guda. Da aka je wa mai kamfanin ya ce a nuna masa inda ya sa hannu. Yaran da ke wasa a wurin duk sun watse, yanzu masu wankin mota ne a kai. Abin da ciwo wallahi.

Ɗan Autan Zaure: To ai an samu filin wasan ruwa kenan, Hajiya, sai a kawo agwagi.

Hajiya Mai Lambu: Ɗana, ba abin dariya ba ne.

Injiniya: Babu wanda ya duba awon da Malam ya bayar. Layin fili mita 23.77 ne da 10.97, amma da wurin gudu ana son 36.6 da 18.3. Biyu a jere, da tazarar mita 3.66 a tsakani da gefuna, sai an sami faɗin kusan mita 33. Ku 30 gare ku, biyu ba za su shiga ba sai an matse su jikin wayar shinge. Sannan fili kudu da arewa ake so ya kalla, in ba haka ba ranar la'asar tana cikin idon mai buga ƙwallo, amma mita 30 ɗinku ta wannan ɓangaren ba ta kai 36.6 ba. Baba, Allah ya ƙara girma, kankare mita 67 ne a awon cika, in an sa buhu 7 kowace mita, 470 za a nema.

Baba Magini: Haɗin ɗaya-biyu-huɗu na lissafa, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ku 'yan boko da biro kuke kwaɓa siminti.

Injiniya: Da shi muke hana tsagewa, Baba. A kuma yi gangare na santimita 1 a kowace mita, gefe ɗaya kawai, kada a yi masa doro a tsakiya. Kafin fenti a malale shi da ruwa, bayan awa guda duk inda ruwa ya kwanta ya wuce milimita 2 a cike.

Koci: Wanda bai taɓa riƙe raket ba bai san santsin fenti ba. Fentin gida ba ya yi, sai na akirilik mai haɗe da yashi mai laushi, shafa biyu bayan na share fage. Raga santimita 91.4 a tsakiya, mita 1.07 a jikin turaku. Waya kuma kada ta gaza mita 3.

Ɗan Kasuwa: Miliyan 18 ta gama komai.

Injiniya: In buhu na dubu 10, siminti kaɗai ya doshi miliyan 5. Ga rodi, tsakuwa, waya, ga fentin da da dala ake shigo da shi. Ban ga ƙasa da 35 ba.

Mai Raket: Na gode. To mu karɓi ɗayan duk da yana kallon yamma?

Hajiya Mai Lambu: Ku fara sa shi a rubuce cewa ba a buɗe shago sai an miƙa fili, da sa hannun hukumar tsara birni. Sannan wa zai riƙe makulli? Nan ake cin amana. Yau an gama, gobe mai gadi ya ba masu biki haya, su huda kankare su kafa rumfa.

Koci: Wannan shi ya fi kashe filaye, Hajiya. Ƙafar kujerar ƙarfe da man janareta, fenti ba ya jure su. Ga kuɗin shiga da ake ƙaƙaba wa yara a wurin da aka ce na jama'a ne. Kuɗin bikin nan ma aljihun wa yake shiga?