Kalar wanka ta kama mini tayil, Husaina kuma ta gatse ta

Maman 'yan biyu, Jidda:
Assalamu alaikum matan gida, ya zafi? Ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Tun da rusau ya tashe mu daga unguwar Sabil a 2022 muke wata shugga ta haya, wato fulat, mai banyo, wato bahon wanka, a banɗaki. 'Yan biyuna shekararsu biyu da wata huɗu, kuma wanka a gidan nan yaƙi ne. Hassana da ta ji ƙarar famfo sai bayan labule, Husaina kuwa sandarewa take yi tana ihu har maƙwabta su ƙwanƙwasa. Satin da ya wuce ƙanwar maigidana ta kawo musu kala guda shida daga shagon kayan araha na abu riyalain, wai ta wanka ce, yaro ya yi zane a jikin banyo ruwa ya wanke. Gaskiya ta yi aiki, yanzu fito da su ne rigimar.

To ga inda gizo ke saƙar. Ja da shuɗi sun kama farin simintin nan na tsakanin tayil, na goga da omo har hannuna ya yi zafi, sai ma ya koma ruwan hoda, ga mai gidan yana riƙe da kuɗin ajiyarmu. Jiya kuma na fita ɗauko tawul, ban fi minti biyu ba, na dawo na tarar Husaina ta gatse kan shuɗin, bakinta kamar wadda ta faɗa marina. Ta kwana lafiya, amma yau kashinta kore. Kwalin ba Larabci ba Turanci, sai hoton kifi. In zubar ne ko in ci gaba? Kuma me zai fitar da tabon?

Anti ma'aikaciyar jinya, Makka:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da Husaina. Irin wannan kala yawanci sabulu ne da kakin zuma ko na waken suya, sai launi. Ɗan guntun da yaro ya haɗiye ba ya wuce ya ɓata masa ciki ko ya canza launin kashi kwana ɗaya biyu. Amma wannan magana ce a kan wadda aka rubuta kayan haɗinta. Taki babu wanda ya san me ke ciki, don haka ki kira 937 na ma'aikatar lafiya, suna amsa tambayar abin da yaro ya haɗiya, ki riƙe kwalin a hannu kina magana. In ta sake faruwa ki share bakin, ki ba ta ruwa kaɗan, kada ki tura mata yatsa don ta yi amai, kada ki ɗura mata manja. In guntun ya shaƙe ta, numfashi ya gagara, wannan 997 ne, lambar motar asibiti, ba jira.

Sai dai wallahi ba kalar ce ta tsaya mini a rai ba, tawul ɗin ne. Maman 'yan biyu, kada ki ji haushina. Yaro mai shekara biyu nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya kifa a ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba yana iya kasa ɗagowa, kuma ba za ki ji kuka ba, shiru abin yake. Kala tana sa uwa ta ga yara sun shagala ta ce bari in leƙa tukunya. Ki tara tawul da kaya da fampas a bakin ƙofa kafin ki buɗe famfo. In an buga ƙararrawa, ko dai mai bugawa ya jira, ko ki naɗe su ki fita da su. Bokitin da kika tara ruwa ma ki kife shi.

Hajiya Babba, Shari' Mansur:
Ɗiyata, ni tsohuwa ce, magana ɗaya zan faɗa. Yaushe banɗaki ya zama wurin wasa? Mu da muka tashi, addu'a ake yi a shiga da ƙafar hagu, a yi abin da ya kawo mutum a fito. Na goyi tara, kwano da soso ne, mai kuka ya yi kukansa ya gama. Ban ce haramun ba ne, ni ba malama ba ce. Amma in akwai yayyensu da suka fara makarantar allo ko tahfiz, ki sa ido. Jikana da ya koyi haɗa baƙi, abin da ya fara rubutawa a ko'ina sunan Allah ne, har a jikin firji. Ki ba shi kala a banɗaki, me kike zato zai rubuta?

Maman 'yan biyu:
Hajiya Allah ya ƙara girma, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Yayansu shekararsa shida, kuma ya riga ya fara roƙon a ba shi koriyar. Anti na karɓi faɗan, jikina ya yi sanyi.

Mai aikin gidaje, Jidda:
Maganar tabo ku bar mini, shekarata 14 ina wanke banɗakunan mutane. Fuskar tayil da banyo santsi gare su, kala ba ta kama su. Wancan farin layin, wanda masu gini a nan ke ce wa tarwiba, shi ne mai shan abu kamar tulu sabo. Omo ba zai yi ba. Ki sayi bikarbonat a bagala, wato kantin unguwa, ki kwaɓa da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar kunu mai sanyi, ki shafa a layin ki bar shi minti 15, sai ki bi da tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi. Ja ya fi taurin kai, sai an maimaita sau biyu ko uku. In ya ƙi, ki tsarma Clorox, wato bilic, da ruwa, ki jiƙa auduga ki kwantar a kan layin, taga a buɗe, yara a waje, ki ɗauraye sosai bayan nan.

Abin da zan roƙe ki da girman Allah: kada ki haɗa Clorox da Flash, ruwan nan na wanke masai, ko da kal, wato binega, wai don ya fi ƙarfi. Hayaƙin da ke tashi guba ne. Na taɓa yi ina sabuwar zuwa, da rarrafe na fito, na kwana uku ƙirjina kamar an zuba barkono. In kuma akwai marmara a bakin banyon, kada kal ko lemon tsami su taɓa shi, yana cinye ƙyallin. Farin soson nan da ake ce wa na sihiri yana fitar da kala a tayil, amma yana dusar da banyon roba, ki bi a hankali. In duk an yi ya ƙi, a kankare layin a sake tarwiba, ƙaramin aiki ne, bai kai a taɓa kuɗin ajiyarki ba. Nan gaba ki wanke zanen tun ruwan bai huce ba, kwana shi ke sa ya zauna.

Amaryar Riyad:
Ni nawa na Crayola ne, kuma a jikin kwalin an rubuta daga shekara 3. Yawancinsu haka ne, saboda gutsurewar da ke shaƙe yaro, kin ga naki da saura wata takwas. Duk wani kayan wasa da za ki saya a nan ki duba alamar G ta ƙasashen Gulf a kwalin, da jerin abin da aka haɗa. Wanda babu ko ɗaya, ni kam ba ya shiga gidana ko kyauta ne. Wani abu kuma, tunda mata ne, kada su daɗe zaune cikin ruwan da kala da sabulu suka narke, yana sa musu ƙaiƙayi a gaba. Tawa sai da na kai ta asibiti kafin na gane. Ki bar su su yi wasan a ruwa zalla, sabulu a ƙarshe, ɗauraya, fita.

Anti ma'aikaciyar jinya:
Haka ne. Ki kuma lura ko ruwan ne ke sa su kuka tun farko. Da rani ruwan tankin saman bene kamar na shayi yake fitowa da azahar. Ki gwada da gwiwar hannunki, ya zama ɗumin jiki, wajen digiri 37. Mu dai kashe hita muke yi, ruwan cikinta ya zama shi ne na sanyi.

Maman Gambo:
Ni dariya ma kuka ba ni. Nawa da suka ga an yarda su zana banyo, washegari sai ga jirgin sama a bangon majalisin babansu, da biro. Yaro bai san bango daga bango ba. Yanzu faranti nake ba su na silba da kofuna biyu, su yi ta ɗura ruwa suna juyewa, ba tabo ba faɗa.

Maman 'yan biyu:
Allah ya saka muku da alheri. Na kira 937, sun tambayi nauyinta da girman abin da ta ci, suka ce in sa mata ido, in ta fara amai ko ta yi laushi in kai ta. Ga ta nan tana cin taliya. Kalar na ƙulle a leda na jefa shara ba tare da ƙanwar maigida ta sani ba, ku rufa mini asiri. Shuɗin ya fita da bikarbonat tun karo na farko, jan ne ya rage a layi biyu kusa da famfo. Anti, ashe da gaskiyarki, na sa gwiwar hannu a ruwan azahar sai da na janye. Yau da la'asar da ruwan hita na yi musu, da kofunan Maman Gambo. Hassana ba ta gudu ba, Husaina dai ta yi ta nuna bango tana cewa kifi, kifi.