Jama'a a taimaka, ya za mu kira "chemist" da Hausa ba tare da an zaci mai shagon magani ba?

Abin da ya jawo maganar nan, ƙanina ne yake karanta wa Baba labarin Omar Yaghi, wanda aka ba lambar yabo ta Nobel a fannin kemistiri, wato ilimin sinadarai, a 2025 tare da Susumu Kitagawa da Richard Robson, sai yaron nan ya fassara masa da cewa wai "wani mai kemis ɗan asalin Falasɗinu ya ci kyautar duniya". Baba ya ajiye kofin shayi ya ce to shi wane irin magani yake sayarwa haka da har Turawa suka san da zamansa? Wallahi dariya har da hawaye, amma fa laifin ba na yaron ba ne, mu a wajenmu kemis shago ne, inda ake sayen Panadol a yi maka allura.

Alhali mutumin nan a jami'a yake a Amurka lokacin da aka ba shi kyautar, aikinsa ƙirƙirar wasu sinadarai masu ramuka ƙanana kamar soso, har ruwa suke iya zuƙowa daga iskar hamada.

Abin haushin ma shi ne kalmar tana hannunmu tun da can muka yi mata wani aikin. Kimiyya da muke faɗa, a Larabci ai sunan wannan fannin ne shi kaɗai, mu kuma muka ɗauke ta muka yafa wa duk ilimin zamani, lissafin taurari kimiyya, na tsirrai kimiyya, yanzu in ka ce masanin kimiyya ba wanda zai gane wane fanni kake nufi.

Na tambayi mutane, ga abin da na samu. Wani malami ya ce masanin kimiyyar haɗa sinadarai, daidai ne amma kafin ka gama faɗa an tashi daga labarai. Ɗalibai su kam "ɗan kemistiri" suke cewa, ya yi a aji, amma ka ce Ahmed Zewail na Masar, mutumin da ya ci Nobel a 1999 don ya gano hanyar kallon yadda ƙwayoyin abu ke haɗuwa da rabuwa cikin ɗan lokacin da ƙiftawar ido ma ta yi masa tsawo, wai shi ɗan kemistiri? Haba, kamar ɗan aji uku.

Wata baiwar Allah ta ce mai haɗa sinadarai. Hajiya ki yi haƙuri, wannan sunan masu koyar da haɗa sabulun ruwa da man shafawa sun riga mu.

Ni dai na tsaya a kan masanin sinadarai, jam'i masana sinadarai, mace masaniyar sinadarai, kamar Marie Curie da aka karrama da Nobel ta wannan fannin a 1911. Kalmar sinadari tamu ce, maƙera sun san ta wajen liƙin ƙarfe, mata sun san sinadarin ɗanɗano a girki, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba.

Na gwada ta a kan Baba jiya da daddare, na ce masa masanin sinadarai ne. Ya ce oho, to da haka kuka ce tun farko.