Neman shawara kan hawan mashigar Sani da mota zuwa Lesotho a watan Yuli

Salamu alaikum jama'a. Mashigar Sani, hanyar kan tsauni daga Underberg a Afirka ta Kudu zuwa Lesotho, ta haura mita 2,800 sama da matakin teku, kuma mota mai jan ƙafa huɗu ake buƙata. Iyaka na rufewa ƙarfe 6 na yamma. Yuli tsakiyar hunturu ne a can, ƙanƙara kan daskare a kwane-kwanen sama inda rana ba ta isa da wuri.

Ga inda abin ya cije. A gangarowa ƙaramin giya yana hana birki yin zafi, amma a kan ƙanƙara mota na iya zamewa. Sarƙa a tayoyi huɗu za a ɗaura, ko biyu sun isa? Idan biyu ne, gaba ko baya? Iskar taya nawa ake ragewa? Don Allah masu sanin hanyar ku taimaka.