Tsohonmu ya ƙi kallon wasan farashi tun da suka canza ɗaki, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan gurup, daga Damagaram nake rubutowa. Tsohonmu ya daɗe yana kasuwanci a kasuwar Dole, yanzu ƙafa ta hana shi fita, to abin da ke haɗa ni da shi kullum bayan isha'i shi ne wasan nan na Amurka The Price is Right, wanda ake nuna kaya mutane su cinki kuɗinsu. Ina sauke mashi a YouTube mu zauna kan tabarma in jingina waya jikin butar shayi, shi ba ya jin turanci amma da ya ga firiji ko mota sai ya faɗi kuɗi ni kuma in juya mashi zuwa sefa, in ya kusa dacewa har tafi yake. Tsofaffin muke kallo, na ɗakin da suke ɗauka tun 1972 a Television City cikin Los Anjalas. Shekaranjiya na sa mashi sabo, wanda aka ɗauka bayan sun koma wani ɗaki a garin Glendale a 2023, minti biyar bai yi ba ya ce kashe, wannan ba gidansu ba ne. Kwana biyu ke nan yana kwanciya da wuri kuma wallahi abin na damuna don lokacin nan ne kaɗai nake jin dariyarshi. Ya zan yi?

Wata daga Birni:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Ɗan'uwa kar ka tsaya yi mashi gardama, maida shi kan tsofaffin kawai, Bob Barker kaɗai ya yi shekara 35 yana gabatarwa daga 1972 zuwa 2007, yaushe za ku ƙare su?

Wani daga Sabon Gari:
Ni ina ganin ka yi mashi bayani da harshen kasuwa zai gane. Ba son ransu ya tashe su ba, CBS, tashar talabijin mai nuna wasan, ta sayar da wurin a 2019 masu sayen kuma za su sake gini, kamar ɗan kasuwa ne mai rumfa ya ce ya kwashe kayanshi. Ka nuna mashi Drew Carey, mai gabatarwa da ya gaji Barker, na nan, babbar tayar da ake juyawa na nan, Plinko, wasan da ake sakin faifai ya gangaro kan allo, na nan. Kuma ba Baba kaɗai ba ne, can ma masu kallo da yawa abin ya taɓa su, ɗakin sunan Barker aka sa mashi, shi kuma ya rasu a watan Agusta na shekarar da suka tashi yana da shekara 99.

Wata daga Zango:
Malam ba ɗakin ba ne damuwarshi a ganina. Mutumin da ya bar rumfarshi ba da son ranshi ba, ya ga an tashi wasu daga nasu wurin, dole ya sosa mashi rai. Gobe ka biya Dole ka tambayo kuɗin tiyar gero da litar mai, ka zo ka ce Baba cinka, ka ga yadda zai gyara zama. In hira ta yi daɗi sai ka kunna.

Mai tambaya:
Hajiya maganarki ta shige ni, ban taɓa kawo haka a raina ba. Gobe in sha Allahu zan biya kasuwar kafin la'asar, har wurin maƙwabcin rumfarshi zan je in ɗauko mashi gaisuwa a waya.