Kumba Za Ta Iya Tona Asirin Hayaƙin Masana'antu

Tattaunawar da wasu malaman kimiyya da masunta suka yi a Katsina ta tsaya kan tambaya ɗaya: yaya za a gane ko hayaƙin masana'antu da na masu narka tsoffin batura yana gurɓata madatsun ruwa irin su Ajiwa da Jibiya?

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a gwada naman kumba. Wuri ɗaya take zama tana tace ruwa dare da rana, don haka dalma da sauran ƙarafan da ƙurar hayaƙi ke saukewa suna taruwa a jikinta. Gwajin ruwa kuwa halin ranar da aka ɗiba kawai yake nunawa. Amurka na yin irin wannan gwajin kumba a gaɓar tekunta tun 1986.

Wani dattijon masunci ya ce inda kumba ta yi wuya a ɗebo dodon koɗi, kuma na ga hikimar hakan. An ja kunne sosai kan ɗiba: masu girma ɗaya, rani da damina, kusa da hayaƙin da kuma nesa da shi, a zuba a leda mai tsabta, kada gwangwani ya taɓa su.

Idan dalma ta bayyana, a gaggauta gwada jinin yaran yankin. Su ta fi hallakawa a Zamfara a 2010.