Hadari ya taso kuna kan dutse da sabon shiga: yaya kuka ƙare?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina magana ne kan hawan dafe-dafe, wanda sai an sa hannu da ƙafa amma bai kai a ɗaura igiya ba. Na ɗauki ƙanina, karonsa na biyu ke nan. Mun wuce rabi sai yayyafi ya sauko, dutsen da muka taka a bushe da safe ya koma kamar an goga masa sabulu, musamman inda gansakuka ta kama. Sau uku ina tambayarsa, yana cewa "Lafiya lau, Yaya." Sai da na dubi hannunsa na ga yatsun sun yi fari fat don riƙo, gwiwarsa ta dama tana kaɗawa ita kaɗai. Muka juya. Hawan awa ɗaya da rabi ya ci mana, saukar kuwa awa uku. Har yau raina yana ce mini tun ɗigon farko ya kamata in juya. Ku fa?

Wata 'yar'uwa:
Wa alaikumus salam. Wannan "lafiya lau" ɗin na san ta. Sabon shiga ba ya son a ce shi ya ɓata tafiya, gara ya haɗiye tsoronsa. Ni na daina tambaya, kallo nake yi. Ƙawata mai surutu ce, da na ji ta yi tsit na san akwai magana. Sai na ce ni ce na gaji, mu koma. Ba ta yi musu ba ko kaɗan.

Wani dattijo da ya daɗe yana hawa:
Ɗana, ka yi daidai da ka juya. Amma sanyi ya fi santsi ba ni tsoro, domin shi ba ya sallama. A kowace mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iskar doron dutse, ga jiƙa. Na taɓa hawa da wani yaro da ya sa rigar auduga a ciki. Auduga in ta sha ruwa ba ta saki, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Da farko makyarkyata yake yi, daga baya harshensa ya yi nauyi, ya kasa jan zif ɗin rigarsa, yana tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe. Alamar ke nan zafin jiki ya doshi ƙasa da digiri 35. Na ja shi bayan wani ƙaton dutse inda iska ba ta bugu, na cire masa jiƙaƙƙiyar na sa masa busasshiya daga jakata, na zaunar da shi kan jakar don kada ƙasa ta ƙara sanyaya shi. Sai da maganarsa ta dawo daidai muka motsa. Wanda rawar sanyinsa ta tsaya alhali bai ɗumama ba, wannan a nemi agaji nan take.

Wani mazaunin Birtaniya:
Ni hazo ne ya ritsa mu a Crib Goch da ke Wales, mita 923. Mataki na 1 ne, wato mafi sauƙi, a ma'auninsu na wahalar hawa daga 1 zuwa 3, shi ya ruɗe ni na ɗauki abokin aikina. Doron siriri ne kamar kaifin wuƙa, rami hagu rami dama, kuma in ka shiga tsakiya babu hanyar zamewa gefe. Ya zauna daram ya ce ba gaba ba baya. Na matso har gwiwarmu ta haɗu, na ce kada ya dubi komai sai hannuna. Gaɓa uku a manne da dutse, ɗaya ce kawai take motsi. Haka muka rarrafa muka fita. Laifina ne, na ga hasashen yanayi da safe na ce ai za mu riga shi.

Wani ɗan'uwa:
To me ya hana ku riƙe igiya a jaka?

Dattijon:
Igiya a hannun wanda bai iya kafa ta a jikin dutse ba, mutum biyu take ja ƙasa maimakon ɗaya. A koya tukuna. Usur dai kowa ya rataya: busa shida a jere, a dakata minti ɗaya, a sake, ita ce alamar neman agaji a tsaunuka. Tsawa kuma a ƙirga, daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da ƙara kusan kilomita ɗaya ke nan. In tazarar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, a bar doron dutse.

Mai buɗe zance:
Na gode, Baba. A saukarmu ni na shiga ƙasa, shi yana sama ya fuskanci dutse, ina kama dunduniyar takalminsa ina ɗora ta inda zai taka, domin mai sauka ba ya ganin ƙafarsa. Jiya ya turo mini saƙo yana tambayar yaushe za mu koma. Na ce sai ranar da gari ya yi wasai, kuma tun a gindin dutse za mu tsayar da ƙarfe nawa za mu juya.