Tambaya kan aspartame da sakarin a cikin zoɓon sayarwa

Uwargida Mai Zoɓo: Assalamu alaikum. Ina haɗa zoɓo da lemon citta ina kai wa shaguna, kuma tsadar sukari ta sa ina tunanin komawa ga sinadaran zaƙi irin waɗanda kamfanonin lemo suke amfani da su, sai dai na ji ana cewa aspartame yana jawo ciwon daji. Mene ne gaskiyar maganar, kuma wanne ne ya dace da sana'ata?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar ta samo asali ne a watan Yulin 2023, lokacin da IARC, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya aspartame a rukunin 2B, wato abubuwan da ake zargi amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. A lokaci guda JECFA, kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sinadaran da ake sa wa abinci, ya bar ƙa'idar shan aspartame yadda take, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wanda ke nufin mai nauyin kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na lemo mai aspartame kullum kafin ya wuce iyaka. Matsalarki ta kusa ita ce zafi, domin aspartame yana rasa zaƙinsa idan ya daɗe a wuta, saboda haka sai zoɓon ya huce ake zuba shi. Sucralose, wani sinadarin zaƙin, ya fi jure tafasa.

Abu Haidar: Ni abin da ya fi damuna shi ne awo. Zaƙin sucralose ya ninka na sukari kusan sau 600, na sakarin kuwa kusan sau 300, don haka wanda ke ɗiba da bakin cokali ba tare da ƙaramin sikeli ba, zai zarce ƙima bai sani ba. Sakarin idan ya yi yawa yana barin ɗaci a maƙogwaro, kuma mai saye ba ya dawowa.

Ma'aikaciyar Jinya: Hajiya, ki rubuta a jikin robar abin da kika zuba, musamman aspartame, domin masu cutar gado ta PKU jikinsu ba ya iya sarrafa sinadarin phenylalanine da ke cikinsa. Kada kuma ki tallata shi a matsayin maganin ƙiba. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan sinadarai wajen rage nauyi. Kafin ki sauya haɗin, ki tuntuɓi ofishin NAFDAC na jiharku.